Ƙananan gine-ginen gefen layin dogo: inda aiki ke lalacewa da yadda ake gyara shi

Mai son ƙera ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa irin ta Ngaundere, inda layin dogon Kamaru ya tsaya tun 1974, yakan ɗauki reza kafin ya ɗauki rula. Daga nan ɓarna take farawa. A ma'aunin HO, ɗaya daga cikin ma'aunan da ake ƙera ƙananan samfuran jirgin ƙasa da su, girman komai na gaske da 87 ake raba shi: ƙofa mai tsayin mita biyu ta koma milimita 23, magidanci bai cika wuce milimita 20 ba, bulon siminti mai santimita 40 bai kai milimita biyar ba. A ma'aunin N da 160 ake rabawa, ƙofar nan ta zama milimita 12 da rabi. Yanki ɗan mutum na takarda daidai ma'auninka, ka riƙa tsayar da shi jikin kowane bango kafin ka sa gam. In ƙofar ba ta shige shi ba, sake awo.

Rufin kwano shi ya fi tona asirin aiki. Da yawa sukan ɓare kwalin katan su ɗora, ganin yana da tudu da kwari. Tudun nan ya yi girma ƙwarai, don a HO tsakanin tudu da tudu bai kai milimita ɗaya ba. Nemi takardar alminiyam mai ɗan kauri, ka shimfiɗa ta kan roba, ka mirgina ƙusar noti mai siririn zare a kai. Ka yanka falle-falle, faɗi milimita 10, tsawo 23, ka jera su na sama yana hawan na ƙasa kamar yadda kafinta yake yi. Tsatsa kaɗan ake sawa, a bakin falle da wurin ƙusa.

Sai katangar ƙasa da zaure. Jar ƙasa ta gaske tana da kyau, amma in aka kwaɓa ta da ruwa zalla aka yaɓa, tana bushewa za ta tsage ta zube, balle da hunturu. A tankaɗe ta da rariya mai laushi, a haɗa cokali uku na ƙasa da cokali ɗaya na farin gam ɗin kafinta, a ɗiga ruwa har ta yi kamar kunu mai kauri. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma a inuwa ake shanyawa. Ranar Garwa ko Njamena kafin azahar ta gama murɗe bangon.

Kwali yana lanƙwashewa ne saboda fuska ɗaya ta sha ruwa, ɗaya ba ta sha ba. Shafe shi ciki da waje, ka tokare kusurwoyi daga ciki da tsinken ashana. Cikin kuma baƙin fenti za ka sa in akwai ƙaramar fitila, in ba haka ba haske zai ratsa bangon, gidan ya zama kamar a-ci-bal-bal.

Gam mai kamawa nan take yana barin farin hazo a robar taga, a yi amfani da farin gam. Fenti mai ƙyalli ma ba na bangon ƙasa ba ne. Rufin ciyawa, irin na fadar Lamiɗon Ngaundere mai saukowa ƙasa-ƙasa, da gashin burushin fenti ake yin sa, hawa-hawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa. Ciyawar gaske a wannan ma'auni kamar gungume take.

Kada a manna gini kafin a gwada jirgi. A HO bar kamar santimita uku daga tsakiyar layi zuwa bango, a kwana kuma ka ƙara, don dogon tarago yana fitar da gefensa waje. Tura wanda ya fi tsawo da hannu, a hankali, sau biyu. In ya wuce lafiya, manna ginin, ka bi gindinsa da gam, ka barbaɗa yashi mai laushi ya rufe ɗan ratar da ke sa gida ya zama kamar yana lilo a sama.