Kada tsohon Turanci ya sa ka ajiye littafin

'Yan uwa masu ƙoƙarin barin giya, babban littafin Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, an fara buga shi a Amurka a 1939, shi ya sa Turancinsa yake da nauyi. In ka ci karo da "John Barleycorn", ba wani mutum ba ne, laƙabin barasa ne. "Allergy" kuwa a bakin Dakta Silkworth, likitan da ra'ayinsa yake farkon littafin, ba ƙaiƙayin jiki ba ne. Nufinsa, kurɓi ɗaya kan tayar wa mashayi ƙishin da ba ya kwanciya. Wannan kalmar ta daɗe tana rikita ni.

Ka riƙe fensir, ka rubuta ma'anar da Hausa a gefen shafi. In ta gagara, duba bugun sauƙaƙƙen Turanci da ƙungiyar ta fitar a 2024.