Yadda mai juna biyu za ta rage shaƙar hayaƙi ta kuma sa ido kan hawan jini

Idan aka ce gurɓatacciyar iska, hankalin mutane kan tafi kan tari da asma. Ba kasafai ake kawo hawan jini a lissafi ba, alhali ɓarnar hayaƙi ba a huhu take tsayawa ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin ƙura da masana ke kira PM2.5, waɗanda kaurin silin gashin kai ya ninka su kusan sau 30. Saboda ƙanƙantarsu sai su zarce can cikin huhu, mafi ƙanana su ratsa cikin jini, su tayar da kumburi a jijiyoyi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hasselt da ke Beljiyam sun gano ɓurɓushin baƙin hayaƙi a cikin mabiyiya, a ɓangaren da ke fuskantar jariri. A 2019 ɗin kuma wata hukumar nazarin guba ta gwamnatin Amurka ta auna binciken da aka tara, ta ce akwai ƙwaƙƙwaran dalilin ɗaukar hayaƙin ababen hawa a matsayin haɗari ga hawan jinin masu ciki. Ga matakan da za ki bi.

Mataki na 1: Gano inda hayaƙi ke samun ki

Ki ɗauki yini guda ki bi sawun kanki. Ina kike da safe, awa nawa kike yi a gaban murhu, ta wace hanya kike bi zuwa aiki? Mata da yawa kan ɗora laifi kan titi, sai lissafi ya nuna musu cewa kaso mai yawa na hayaƙin da suke sha daga cikin gida yake. Alamarsa a fili take: bangon ɗakin girki ya yi baƙi, ido na yaji, in kin fyace hanci da yamma ki ga baƙi a hankici.

Mataki na 2: Fara da wurin girki

Nan ne babban aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da biliyan 2 na girki da itace, gawayi, kananzir da makamantansu. In da hali, ki koma gas ko lantarki, ko da na watannin cikin ne kawai. In babu, a fitar da murhu fili ko inda iska ke ratsawa ta ɓangare biyu, ki zauna ta inda iska ke fitowa don ta kore miki hayaƙin. Itace ya zama busasshe, domin ɗanye ya fi tuƙa hayaƙi. Lokacin hura wuta shi ne mafi muni, a bar wa wani ya hura, ke ki zo bayan ta kama. Kada a tayar da wuta da leda ko roba.

Gawayi kuwa mayaudari ne. Ba ya hayaƙi sosai, sai a ɗauka lafiya lau ne, amma yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma hana jini ɗaukar iskar da jariri ke rayuwa da ita. Kada a shigar da shi ɗaki don jin ɗumi. Janareta ma haka, a nisanta shi da taga da ƙofa. Mai shan sigari ya fita waje, ko da maigida ne. Maganin sauro na kunnawa kuma a musanya shi da gidan sauro.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci da hanya

Cunkoson safe da na yamma su ne lokacin da hayaƙin motoci ya fi kauri. Hanyar da ta ɗan kauce wa babban titi ta fi, ko da ta ƙara miki minti biyar. Ranar da ƙura ta turnuƙe ko ake ƙona shara a kusa, ki rufe tagogi, ki buɗe bayan ta lafa. In fita ta zama dole, takunkumi samfurin N95 da ya kama fuska sosai shi ne mai tare ƙananan ƙwayoyin, na yadi kaɗan yake tarewa. Ban ce ki daina tattaki ba, motsa jiki na da amfani ga mai ciki, wurin yin sa kawai za ki sauya.

Mataki na 4: Auna jini, ki rubuta

Duk abin da na faɗa a sama rage haɗari ne, ba ya maye gurbin awo. Hawan jinin ciki yakan ɓullo ne bayan mako 20, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8. In kina da na'urar awo a gida, ki zauna shiru minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ki yi magana yayin da take aiki. Ki auna sau biyu, ki rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi, ki riƙa zuwa da shi asibiti.

Lambobi biyu za ki haddace. In ya kai 140/90, ki nemi ma'aikacin lafiya a ranar. In ya kai 160/110, asibiti nan take.

Mataki na 5: Faɗa wa ma'aikaciyar awo komai

Ki gaya mata irin makamashin da kike girki da shi da inda kike aiki. Ki faɗa in cikin fari ne, ko tagwaye, ko kin taɓa hawan jini a wani cikin, ko kina da ciwon suga ko na ƙoda, ko mahaifiyarki ta taɓa jijjiga lokacin ciki ko haihuwa. Da wannan za a san ko kina cikin waɗanda ake ba ƙaramin asfirin na kariya ko ƙwayar kalsiyam. Likita ne zai rubuta, kada ki saya wa kanki. A kuma duba fitsari, domin bayyanar sinadarin furotin a ciki tare da hawan jini alama ce cewa abin ya fara taɓa ƙoda.

Mataki na 6: San alamomin da ba a kwana da su

Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya har zobe ya ƙi fita, numfashi da ƙyar, ko jariri ya rage motsi. Kowanne daga ciki na iya zama share fagen jijjiga, wadda ake tarewa a asibiti da allurar magnesiyam salfet. Ki sanar da maigida da duk wanda kuke zaune tare, domin idan abin ya zo ba lallai ke ce za ki iya magana ba. Haihuwa ma ba ta rufe babin ba: jinin na iya hawa har makonni 6 bayanta, don haka a ci gaba da awo, jaririn kuma a nisanta shi da murhu.