Yadda ake cire tabon goguwa daga jikin jirgin ruwa ba tare da an ɓata fenti ba

Ka dawo gaɓa, ka ɗaure jirgi, ka sauko, sai idonka ya faɗa kan wani baƙin layi kwance a gefensa, daidai inda ya gogi tayar da aka rataya a matsaya. Nan take zuciya za ta raya maka ka ɗauko soso mai kaushi ka dirje shi. Don Allah ka dakata. Yawancin irin wannan tabo ba rauni ba ne, wani abu ne ya manne a saman fenti: robar taya, ko ta matashin kariyar da ake ratayawa a gefen jirgi, ko fentin wani jirgin da kuka gogi juna. Fentinka yana nan lafiya lau a ƙarƙashi, kuma aikinka shi ne ka ɗaga baƙon abin ka bar shi yadda yake.

Fara da farce. Ka ja shi a hankali ka ratsa tabon. In ya wuce sumul, ko ka ji ɗan tudu-tudu kamar abu ya bushe a wurin, to tabo ne na sama. In kuwa farcen ya maƙale cikin rami, fentin ne ya karce, kuma goga ba za ta cike rami ba, sai dai a yi masa ciko da fenti iri ɗaya.

Sannan ka tabbatar da abin da ke jikin jirgin, domin a nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Jiragen faibagilas, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, da yawa ba fenti gare su ba, wani rufi ne da ake kira jelkot, mai kaurin kusan rabin milimita, wanda ke jure goga sosai. Fentin da aka fesa kuwa kaurinsa bai wuce na silin gashin kai ba. Shawarar da ta yi wa mai jelkot amfani tana iya cinye maka fenti. Fentin ma iri-iri ne. Masu yin fentin jirgi mai suna Awlgrip sun hana a goge shi da folish mai cin fenti, saboda sheƙinsa wani siririn rufi ne a can sama, in ya tafi ya tafi ke nan. Wani fentin nasu kuwa, Awlcraft 2000, yana karɓar goga. In ba kai ka yi fentin ba, tambayi wanda ya yi.

Ka yi aikin a inuwa, jikin jirgi da sanyinsa. A rana sabulu da magani bushewa suke yi kafin su yi aiki, su bar nasu tabon.

Kwarara ruwan daɗi sosai kafin hannunka ya taɓa wurin. Ƙwayar gishiri da yashin da ido ba ya gani, in suka shiga tsakanin tsumma da fenti, samfefa suke zama. Bayan haka ka wanke da sabulun jirgi ko na mota, wanda ba shi da kaifi, da tsumma mai laushi irin na maikirofaiba. Ka ɗan danna da yatsa biyu, kana bin tsawon tabon, ba kana zagaye ba. Za ka yi mamakin yawan tabon da ke tafiya a nan kawai.

In ya ƙi, sai a koma ga abin da ke narkar da roba. Farin sifirit na masu fenti ya fi komai sauƙi ga fenti, man feshin nan mai kwance tsatsa, WD-40, ma yana yi. Ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, ka jira minti biyu ka ga ko sheƙin ya canza. A kan tsumma ake zubawa, ba a jikin jirgi ba. Ka ɗora a kan tabon kamar daƙiƙa 30 ya jiƙa, sannan ka share. Ka yi amfani da farin tsumma, ka riƙa juyo shi kana dubawa bayan kowace shara biyu ko uku. Baƙi-baƙi a jikinsa alama ce robar na fita, sai ka ninke zuwa gefe mai tsabta ka ci gaba. Amma da zarar ka ga launin jirginka, ko da ɗan shuɗi-shuɗi ne kamar hayaƙi, tsaya cak ka wanke da ruwa, domin fentin ne ya fara biyo hannunka. Asiton da tina, masu narkar da fenti, ka nisanta su da shi, musamman fentin gwangwani ɗaya da ba a haɗa shi da mai ƙarfafawa, don suna laushe shi cikin ƙiftawar ido. In jirgin yana kan ruwa, ka matse tsumman yadda ko ɗigo ba zai faɗa ciki ba.

Akwai wani farin soso da ake yawan yabawa, irin su Magic Eraser. Gaskiya yana ɗauke tabo da sauri, amma ni ba na kai shi kusa da fenti mai sheƙi. Kumfar melamin ce, kuma kankare fenti take yi, sai dai da laushi. Tabon zai tafi, amma washegari da hantsi, in rana ta haska gefen jirgin, za ka ga dusasshen wuri kamar tafin hannu. A fenti mai duhu abin ya fi muni.

Ragowar da ta ƙi sifirit, gwada mata laka ta musamman da masu gyaran fentin mota ke amfani da ita. Ka jiƙa wurin da ruwan sabulu sosai, ka zame ta a kai ba tare da dannawa ba, tana tsince abin da ya manne. In ta faɗi ƙasa, yar da ita, ta riga ta kwashi yashi.

Folish shi ne na ƙarshe, kuma sai ga fentin da ke karɓarsa. Ka zaɓi mafi laushi, ɗigo kamar ƙwayar wake, da hannu, a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. Injin goga ka bar wa wanda ya saba, domin yana ƙona fenti a kusurwa da baki-baki inda ya fi siranta.

Da tabon ya tafi, sake wankewa da sabulu don cire maiƙo, ka tsane wurin, ka mayar da man kariyar da sifirit ya wanke. A duba abin da mai fentin ya yarda da shi: masu Awlgrip ba sa son kakin da aka saba shafawa, suna da nasu mai suna Awlcare.

Duk wannan na saman layin ruwa ne, wato ɓangaren jirgin da ba ya nutsewa cikin ruwa. Fentin ƙasan jirgi, mai hana gansakuka da ƙananan halittu mannewa, yawanci akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsa, kuma wani an yi shi ne ya riƙa zaizayewa da kansa, don haka ba a dirje shi.

Kafin ka tashi, duba matasan kariyar nan. Wanda ya tsufa ya fara danƙo, ko ya kwashi yashi, gobe ma zai sake zana maka layi. Ka wanke su, ka sa musu riga mai laushi, ka daidaita tsayinsu yadda su ne za su taɓa matsaya kafin jikin jirgi.