Yadda garuruwa maƙwabta ke haɗa kuɗi su sayi fili don a bar shi fili

Idan garuruwa biyu suna girma, gonakin da ke tsakaninsu ne ke fara tafiya. Yau a yanka fuloti goma, baɗi a yanka ɗari, kafin a ankara ba a san inda wannan gari ya ƙare wancan ya fara ba. A gundumar Boulder ta jihar Kolorado a Amurka, garuruwa sun daɗe da samo dabara: su riga masu gini sayen filin, su kuma ɗaure shi da takarda. A 2017 garuruwan Louisville da Lafayette tare da hukumar gunduma suka haɗu suka sayi wata tsohuwar gonar gado da ke tsakaninsu. Ga yadda irin wannan ciniki ke tafiya.

Da farko a ware filin tun kafin mai shi ya yi tunanin sayarwa. A zauna da taswira, kowane gari ya nuna wuraren da ba ya so ya rasa: bakin rafi, gona mai kyau, tudun da ake hango duwatsu daga kansa. Wanda ya faɗo a jerin kowa, shi za a sa a gaba. In aka jira har dillalai suka kafa allo, to farashi ya riga ya tashi.

Sai kuɗi. Ba karo-karo na rana ɗaya ake yi ba, asusu ake kafawa. Tun 1967 mutanen birnin Boulder suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a ƙara musu kashi 0.4 cikin ɗari a harajin saye da sayarwa don sayen fili da kula da shi, a 1993 kuma gundumar ta bi sahu da kashi 0.25. Abu ne kaɗan a kan kowane ciniki, mai sayen takalmi ba zai ma lura ba, amma shekara da shekaru ana tarawa. Akwai kuma wani asusun jiha da aka kafa a 1992 wanda ke tallafawa da ribar cacar gwamnati. Wannan kam ba kowa zai so a kwaikwaya ba.

Daga nan a nemo mai ƙiyasta farashi wanda ba ya ɓangaren kowa, a auna iyaka, a binciki takardu ko akwai bashi ko rigimar gado a kai. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin Kolorado har haƙƙin ban-ruwa ake dubawa, domin ana iya sayar da shi daban da ƙasar, a bar ka da ƙeƙasasshen fili.

Ba dole ne a sayi gonar ɗungurungum ba. Wani lokaci manomi na riƙe da gonarsa, yana noma, yana gadar wa 'ya'yansa, abin da aka saya a hannunsa shi ne izinin yin gini a kanta har abada. Ya fi araha, kuma dattijon da ba ya son rabuwa da ƙasar kakanninsa ya fi saurin amincewa.

Inda aikin yake shi ne yarjejeniya tsakanin garuruwan, kuma a ganina nan ne ake yawan sakaci. Ranar biyan kuɗi kowa na murna ana ɗaukar hoto. Bayan shekara uku shinge ya faɗi, ciyawa ta bushe tana jiran gobara, kowa na kallon ɗan'uwansa. Saboda haka a rubuta komai ƙarara: kason kowane gari, wanda zai riƙa kula da wurin, wanda zai biya gyara, abin da aka yarda a yi a ciki. Za a yi kiwo? Za a buɗe hanyar ƙafa da ta keke? In an ba manomi haya, kamar yadda gundumar Boulder ke yi da dubban eka, aljihun wa kuɗin hayar zai shiga? Sannan babban sharaɗi: babu garin da zai sayar da kasonsa ko ya canja wa filin aiki ba da yardar sauran ba. Shugabanni na canjawa, kuma wata rana za a yi wanda asusunsa ya bushe, ya ga fili zaune ba ya kawo komai. Mutanen Boulder sun hango haka, shi ya sa a 1986 suka shigar da ƙa'idojin filayen cikin kundin mulkin birnin. Wanda ya san waƙafi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mai son gwada wannan a Najeriya ya tuna Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka haƙƙin amfani da filin ake saye, kuma a cikin birni sai da sa hannunsa ciniki ke tabbata.

Bayan an yi rajista, a kafa duwatsun iyaka da allo mai ɗauke da sunayen garuruwan duka, a kuma sa wanda zai riƙa zagaya iyakar aƙalla sau ɗaya a shekara, ya ga ko wani ya matso da katangarsa.