Yadda Ake Canja Boris ɗin Tayar Gaba a Tsohuwar Akori-kura

Akori-kurar da ke jigilar buhunan gero da awaki zuwa Maigatari ranar Alhamis, ta wuce Wudil ranar Juma'a, boris ɗin gabanta ba ya hutawa. Rairayin Jigawa na neman hanyar shiga ta kowace kafa, damina ta zo mota ta riƙa tsunduma cikin ruwa da hob (ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, inda boris ke zama) mai zafi, ga lodin da ya wuce ƙa'ida. Aikin canja shi ba ya bukatar injin matsi a yawancin tsofaffin motocin nan, irin su Hilux da L200 masu jan baya, domin boris ɗinsu mai kofi ne da ake warewa da hannu. Abu biyu ne ke kashe sabon boris cikin 'yan makonni: ƙasa da ta shiga giris lokacin aiki, da ɗaure noti fiye da kima. Sauran duk bin tsari ne.

Tabbatar da cewa boris ne

Alamar farko gurnani ne daga gaba, mai ƙaruwa da gudun mota, ko an taka totur ko an sake shi. A kan kwalta mara cunkoso, karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan dama. Idan ƙarar ta ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, zargi na dama, domin nauyin mota a kansa ya koma. Tayar da ta cinye baibai ma tana irin wannan kuka, saboda haka kada ka yanke hukunci da kunne kaɗai.

Ɗaga tayar da jak, ka kama ta sama da ƙasa, ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Motsin da ya ɓace bayan an taka birki na boris ne. Wanda bai ɓace ba na bol-joyin ne, kuma ko boris goma ka canja yana nan. Motsin da ake ji in an kama taya ta gefe da gefe kuwa, yawanci tarod ne. Daga nan juya tayar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙarfen da ke bayanta. Lalataccen boris za ka ji shi a tafin hannunka kamar ana niƙa tsakuwa.

Abin da za ka tanada

Kowace taya boris biyu gare ta: babba a ciki, ƙarami a waje, kowanne da kofinsa, wato zoben ƙarfen da 'ya'yan boris ke juyawa a cikinsa. Sai sil guda ɗaya, wato zoben roba mai tare giris, da ke bayan babban, da sabon tsagaggen fin mai kulle noti. Ka sayi na tayoyin biyu, don in ɗaya ya gaji, ɗan'uwansa hanya ɗaya suka bi. Kada ka sayi boris da sunan mota kawai. Lambar tana rubuce a jikin ƙarfen, irin 30205, ko LM48548 wanda kofinsa ke ɗauke da LM48510. Abin da ya fi shi ne ka ware tukuna, ka wanke tsofaffin, ka tafi da su Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano a gwada lamba da lamba. Koyo da NSK da NTN da Nachi na Japan ne, akwai kuma SKF da Timken, amma jabu ya cika kasuwa a cikin kwali mai kama da na gaske. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen ko ya fita tsaf, shafa 'ya'yan ka ji ko sumul suke. Wanda aka faɗa maka kuɗinsa ka ji ya yi sauƙi ƙwarai, ajiye shi. Araha ba ta ado.

Giris kuwa a nemi na boris ɗin taya, mai litiyam, lamba 2, a cikin rufaffen gwangwani. Rabin kilo ya ishi tayoyin biyu har ya yi saura. Giris ɗin da ake ɗiba a buɗaɗɗen bokiti a bakin titi ya riga ya sha ƙura, wani kuma na shafa wa joyin ne, tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba yake narkewa ya tsiyaye, alhali mai litiyam yana kai wa wajen digiri 190 kafin ya narke. Birkin gaba yana ɗumama hob sosai, musamman da lodi.

Kayan aiki: jak, wil-sufana, sufanu da soket, filaya, sukundireba babba, guduma, fanci mai tsawo, waya, kananzir kamar lita biyu, buroshi, tsummoki masu tsabta, da faranti ko buhu da za ka riƙa ajiye kaya a kai. Babu abin da zai taɓa ƙasa.

Warewa

Nemi wuri mai tauri, inda iska ba ta kwaso ƙura. Ja hanbirki, sa giya ɗaya, tokare tayoyin baya da duwatsu gaba da baya. Sassauta notinan taya tun tana ƙasa. In rairayi ne, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Da ka ɗaga, tokare shasi da ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙwari. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma ƙafafunka suna ƙarƙashin motar. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin shasin ita ma.

Kwance kusoshi biyun da ke bayan kalifa (ƙarfen da ke matse birki) suna riƙe da ita, ka zare ta daga kan dis (faifan birki), ka rataye ta da waya. Kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon birki, tiyon na iya tsagewa ta ciki ba ka sani ba. Ka gargaɗi yaranka kada wani ya taka birki har a gama. In motar mai birkin ganga ce a gaba, sassauta takalman birkin tukuna, in ba haka ba gangar ba za ta fito ba.

Ɓamɓare murfin tsakiya da sukundireba a hankali, kana zagayawa, kada ya lotse. Goge giris, miƙe ƙafafun fin da filaya ka zare shi, cire hular da ke kan notin in akwai, sannan notin. Yawanci ba shi da tauri ko kaɗan, haka ya kamata ya kasance. In ya ƙi, dubi tiredin, wasu tsofaffin motoci na gefen hagu baibai yake kwancewa. Bayansa akwai washa mai ɗan harshe da ke shiga tsagar sanda, wato ƙarfen da hob ke juyawa a kansa. Jawo hob ɗin kaɗan ka mayar, ƙaramin boris zai leƙo, ka tare shi da hannu. Sai ka zare hob ɗin gaba ɗaya a miƙe.

Kife shi, ɓamɓare sil, babban boris ya fito. Sil ɗin da aka cire ba a mayar da shi, ko da ya yi kyau a ido.

Wanki da dubawa

Kwashe tsohon giris duka, ka wanke cikin hob da sanda da kananzir har tsumma ya daina baƙi. Giris iri biyu in suka gauraya sukan tsinke su zama ruwa, ga kuma ɓurɓushin ƙarfen tsohon boris da ke ɓoye a ciki.

Tsohon boris yana faɗa maka abin da ya kashe shi. In ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa kamar an gasa, zafi ne: an ɗaure da yawa ko giris ya ƙare. Tsatsa layi-layi a jikin kofi ruwa ne ya shiga, laifin sil ko murfi. In 'ya'yan sun dushe sun yi toka-toka kamar an goge da sanfefa, rairayi ne. Ƙananan ramuka da ɓarewar fatar ƙarfe kuwa tsufa ne da lodi.

Yanzu dubi sandar, musamman ta ƙasa, inda nauyi ke zama. Zura sabon boris a kai a bushe: ya shiga da hannu, ba ya rawa. In yana kwal-kwal, sandar ta cinye, sabon boris zai riƙa juyawa a kanta maimakon ya zauna. Wurin da leɓen sil ke gogawa ya zama sumul, ba rami. Idan tsohon boris ya narke ya manne da sandar, a yanka zoben da giranda a karkace ba tare da an taɓa sandar ba, a fasa shi da cizil. Kada a kai wa mai walda ya gasa ta har ta yi ja. Sandar da ta sha wuta ta rasa ƙwarinta, kuma ita ce ke riƙe da taya.

Kofuna

A nan mutane da yawa ke yin ha'inci ga kansu: su sa sabon boris a kan tsohon kofi saboda cire shi da wahala. Tsohon kofi ya riga ya ci daidai da tsofaffin 'ya'ya, zai lalata sababbin nan da nan.

Leƙa cikin hob, za ka ga tsaga biyu suna fuskantar juna a bayan kowane kofi. Ɗora fanci a nan, buga wannan gefe, buga wancan, kaɗan-kaɗan, har ya faɗo. Goge mazauninsa, in fanci ya tayar da ƙarfe a kankare shi. Sabon kofi gefensa mai kauri ne ke fara shiga, faffaɗan bakin yana kallonka. Kada guduma ta taɓa shi kai tsaye. Ɗauki tsohon kofin, a tsaga shi da giranda don kada ya maƙale, ka ɗora a kan sabon ka riƙa bugawa kana zagayawa. In ya fara karkacewa, dakata ka daidaita. Da ya kai ƙarshe ƙarar gudumar za ta canja, daga ƙwal-ƙwal ta koma tim. Leƙa ta cikin tsagar ka tabbatar babu rata. Kofin da ya faɗa da kansa ba bugu, hob ɗin ne ya buɗe. Tsattsaga mazaunin da fanci don ya kama dabara ce ta kwana biyu, a nemi wani hob.

Cusa giris

Wanke hannunka. Ɗebi giris kamar ƙwan kaza a tafin hannu, riƙe boris da ɗaya hannun, faffaɗan gefen a ƙasa, ka riƙa dannawa a bakin giris ɗin kamar mai yankar tuwo, har ka ga ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan. Juya kaɗan, maimaita, sai ka zagaye. Shafa a waje kawai ba ya isa, cikin ne ke aiki. Kuma kada a kai boris wurin mai faci a hura masa iska yana juyawa a bushe, yana karcewa, kejin da ke riƙe 'ya'yan ma na iya tarwatsewa.

Shafa giris a kofuna da bangon cikin hob, kaurin yatsa ya isa. Kada a cika ramin taf, giris mai yawa zafi yake tarawa ya turo sil waje. Sa babban boris, ɗora sabon sil, gefen da ke da ɗan sifirin yana kallon ciki. Ɗora katako a kai ka buga har ya yi daidai da bakin hob, ka shafa wa leɓensa giris. Zura hob a sanda a miƙe kada tiredi ya yaga sil, sa ƙaramin boris, washa, noti.

Ɗaurin noti

Wannan notin ba irin na taya ba ne da ake hawa kan sufana. Aikinsa daidaita rata. Boris in ya ɗauki zafi yana kumbura, in babu wurin da zai motsa sai ya matse giris daga tsakanin 'ya'ya da kofi, ƙarfe ya hau ƙarfe. In kuma ya yi sako-sako, taya ta riƙa rawa, birki ya yi zurfi, sil ya buɗe.

Da farko ɗaure da sufana da ɗan ƙarfi kana juya hob da ɗaya hannun, don komai ya zauna. A tsohuwar Hilux mai jan baya awon wannan ɗaurin Nm 34 ne, kusan ƙarfin hannu ɗaya a kan sufana mai tsawon taƙi ɗaya da rabi. Juya hob sau goma gaba da baya. Sannan sassauta notin har ya juyu da yatsu, ba tare da ka girgiza hob ba. Sake ɗaurewa da yatsu, ko da ɗan taɓin sufana, har motsi ya ɓace amma hob na juyawa sumul. Jarrabawar da makanikai suka saba da ita: sa bakin sukundireba a gefen washa ka tura da hannu. Ta motsa da ƙyar. In ta ƙi sam, ka ɗaure da yawa. In tana yawo, da saura.

Mai son ya tabbatar, ya yi amfani da sikelin ƙugiya irin na masu awon kaji. Rataya shi a kusar taya ɗaya ka ja a kaikaice tun noti na sako-sako, ka riƙe lambar da hob ya fara motsi, wannan jan sil ne. Bayan ɗauri, lambar ta ƙaru da tsakanin kilo 0.6 zuwa 1.8 a irin wannan Hilux ɗin.

In ramin fin bai zo daidai ba, juya hular notin zuwa wani gurbi. In babu hula, sassauta kaɗan zuwa rami mafi kusa. Zura sabon fin, tanƙwara ƙafafunsa yadda ba za su goga murfi ba. Ƙusa ko guntun waya ba sa maye gurbinsa, shi kaɗai ne ke hana taya ficewa. Hilux mai jan ƙafa huɗu tsarinta daban: noti biyu ne masu ɗaukar soket 54, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu. Na ciki ake daidaitawa, na waje ya kulle, a tanƙwara kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Sake duba juyawar bayan an ɗaure na wajen, domin yana ƙara matse na cikin.

Mayarwa da gwaji

Ɗan shafa giris a cikin murfi ka buga shi ya zauna. Murfin da ya lotse ko ya huje a canja shi. Goge dis da fetur a tsumma mai tsabta, fuska biyu, ko ɗigon giris kada ya rage. Mayar da kalifa ka ɗaure kusoshinta sosai, sa taya, ɗaure notina a gicciye, ka ƙarasa bayan an sauke jak. Kafin motar ta motsa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri.

Yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15 ba lodi, ba yawan taka birki, ka tsaya ka ɗora bayan hannunka a kan murfin kowace taya. Ɗumi ba laifi. In ɗaya ya fi ɗaya zafi har hannu ba ya iya zama, koma ka sassauta. Bayan zuwa kasuwa ɗaya ko biyu da lodi, sake ɗaga tayar ka girgiza, domin sababbin kofuna kan ƙara zama. Motar da ke ratsa ruwa a fadamun Haɗeja ko Auyo kuwa, da damina ta ɗauke a buɗe murfin a duba. Giris ɗin da ya koma fari-fari kamar kindirmo ya sha ruwa, a wanke a sake sabo tare da sabon sil.