Yadda ake taimaka wa yaro mai nauyin baki a gida

"Ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki." Wannan magana ta sa an makara wajen taimakon yara da yawa. Galibi yaro kan furta kalmar farko wajen shekara 1, a shekara 2 kuma ya haɗa biyu, kamar "Mama ruwa". In ɗanki ya wuce nan shiru, ga abin yi.

Fara da kunne. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani bayan haihuwa da kunne mai zubar da mugunya duk suna iya rage ji. Yin tafi a bayan yaro ba gwaji ba ne, yana iya jin ƙara amma magana ta wuce shi. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ki nemi a haɗa ku da ƙwararren mai gyaran magana. Wanzami kuwa a bar shi ya huta, cire beli ba ya kawo kalmomi.

Sai aikin gida, wanda shi ne mai yawan. Ki durƙusa daidai tsayinsa ya ga bakinki. Abin da idonsa ke kai, shi za ki ambata: "Akuya! Akuya tana ci." Wanka, girki, shanya, duk lokacin hira ne. In ya miƙo hannu, kada ki yi saurin cika masa buƙata. Ɗaga kofi biyu ki ce, "Kunu ko ruwa?" Sannan ki yi shiru, ki ƙirga biyar a zuci. Wannan jiran ne ya fi wa iyaye wuya, musamman a gidan da yayye ke rige-rigen amsa masa. Ko "wa" kawai ya ce, ki karɓa da fara'a, ki ƙara kalma ɗaya: "Ruwa, ruwan sanyi." Ban da "ba haka ake faɗa ba".

Ki rage waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

In mai in'ina ne, bar shi ya ƙarasa zancensa da kansa, ki kuma tsawata wa masu kwaikwayonsa, ko da kakarsa ce ke yi da sunan wasan jika.