Kwafa da mannawa sun ƙi aiki a Windows? Duba nan kafin ka yi fomatin

Shagona yana Tudun Wada ne kusa da Poli, taifin da firintin nake yi, to lokacin furojek ɗin ɗalibai da wuya sati ya wuce wani bai shigo da laftof yana cewa Ctrl+C da Ctrl+V, wato maɓallan kwafa da mannawa, sun daina aiki ba, wani ma har an ce masa sai an yi fomatin, ya biya kuɗi kuma fayilolinsa su tafi a banza. Wallahi abin na min ciwo, don yawanci gyaran ko minti biyar ba ya kaiwa.

Fara da kibod tukuna. Zaɓi rubutu, danna maus ta dama ka zaɓi Copy, ka buɗe Notepad ka yi Paste. In ya fito to Windows lafiyarta lau, maɓallin Ctrl ne ya maƙale, gwada na ɗaya gefen. Ƙurar hunturun Kadunan nan ba ƙaramar ɓarna take yi ba, akwai ɗalibar da na ɗaga mata maɓallin na tarar da ƙura da ɓarɓashin biskit sun cushe ƙasansa, buroshi kawai na sa.

In ta maus ɗin ma shiru, to matsalar kilifbod ce, wato ɗan wurin da kwamfuta ke ajiye abin da ka kwafa kafin ka manna. Manhaja ɗaya ce tal ke iya buɗe shi a lokaci guda, in wata ta riƙe ta ƙi saki shikenan sauran duk sun tsaya. Rufe abubuwan da ka buɗe ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, sai ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta echo off | clip ka danna Enter, wannan zai share abin da ke ciki. Bai yi ba? Danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai fito, nemo Windows Explorer ka danna Restart. Layin ƙasan sikirin zai ɓace na ɗan daƙiƙu ya dawo, kar gabanka ya faɗi, aikinka na nan.

Masu shiga kwamfutar ofis daga nesa ta Remote Desktop kuma, rdpclip.exe, wato manhajar da ke haɗa kilifbod ɗin kwamfutocin biyu, ne ke sandarewa, a kwamfutar can ɗin za ka kashe shi a Task Manager ka sake tayar da shi. PDF ɗin da aka yi sikanin kuwa hoto ne ba rubutu ba, shi ya sa ba ya zaɓuwa, kwamfutarka ba ta da laifi.

Abin da nake so kowa ya kunna shi ne Windows+V. Tun sabuntawar Oktoban 2018 Windows 10 ta zo da shi, yana riƙe abubuwa 25 na ƙarshe da ka kwafa, kowanne har 4MB, ni da shi nake jera sunayen babi-babi na furojek ba sai na yi ta komawa baya ba. Amma don Allah in kwamfutar kafe ce ko ta shago irin nawa, kuma ka kwafi fasuwod ko lambar akawun, shiga Settings, System, Clipboard ka danna Clear kafin ka tashi daga kujerar.